Irmiya Mai Wanki da Jinin Wansa

Isaka ne sunan da uwarsa ta san shi da shi. Irmiya sunan da ya ɗauka ne ranar da aka yi masa baftisma, kuma da shi muka san shi, mu da muke zaune a unguwar ma'aikatan asibitin mishan da ke ƙasar Madawa. Ɗakina da nasa zana ce kawai ta raba, don haka abin da ban gani da idona ba, matarsa Lai'atu ce ta gaya mini.

Ɗan Allakaye ne, can ƙasar Buza. Yana saurayi ya kawo babansa asibitin da gyambon da ya ƙi warkewa. Jinya ta yi tsawo, guzuri ya ƙare, sai ya riƙa taya masu wankin asibiti ɗiban ruwa ana ba shi abinci. Tsohon bai tashi ba. Aka kai gawa gida, aka yi sadaka, Isaka ya dawo bakin rijiyar wanki. Ba a daɗe ba labari ya kai Allakaye cewa ya bi addinin Nasara. Wansa Alƙasim ya aiko masa da saƙo ta bakin wani mai sayar da tabarmi cewa kada ya sake tako ƙofar gidansu, kuma an raba gona babu shi.

Irmiya bai taɓa ambatar sunan wan nasa a gabanmu ba. Mutum ne mai riƙo, in ya ƙulle abu a ciki ba ya kwancewa. Amma duk ƙarshen wata yakan ƙulla sabulu da sukari ya ba ƴan kasuwar Buza su kai wa tsohuwarsa, Inna Fatsima, ba tare da ya ce a gaishe da kowa ba.

Ya fi shekara ashirin yana wankin asibiti. Zannuwan ɗakin haihuwa da na ɗakin tiyata duk ta hannunsa suke bi. Yakan dafa su a cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe, ya jiƙa da ruwan jabel mai fid da tabo, ya buga, ya shanya a kan waya. Jabel ya cinye masa farce, tafin hannunsa ya yi fari ya tsattsage. Ba ya ƙyamar jini, ba ya kuma yawan magana. A majami'a yakan zauna layin baya, yana bin waƙa da wata murya mai kauri wadda ba ta taɓa daidaita da ta kowa ba. Ya auri Lai'atu, marainiya ƴar Tamaske da ta girma a hannun matan mishan, suka haifi Hulda da Yoshuwa. Tana toya ƙosai a bakin ƙofar asibiti, shi kuma yana da ɗan fegin albasa a bakin fadama.

Ciwon ya fara ne da gajiya, a shekarar 1993. Mutumin da ke ɗaga bokiti biyu yana tafiya yana gaisawa da mutane, sai ga shi yana tsayawa tsakanin rijiya da tano yana haki. Aka ce masassara ce, ya sha nibakin har kunnensa ya riƙa ƙara. Daga nan sai zufa, sai rama, sai dasashi ya fara jini in ya ci goro. Gefen cikinsa na hagu ya kumbura ya yi tauri kamar an ɓoye ƙwarya a ciki. Likitan asibitin, wanda muke kira Lokotoro Bature, ya tattaɓa, ya sa aka duba jininsa a labo, ɗakin gwajin jini, sannan ya kira shi da Lai'atu ya ce saifa ce ta kumbura, kuma dalili shi ne sankarar jini. Ya ce akwai wata ƙwaya da ke danne ciwon na ɗan lokaci, amma ba ta kashe shi.

Ƙwayar ta yi aiki, cikin ya ɗan sace, Irmiya ya koma bakin tano. Da shekara ta juyo aka karya darajar kuɗin sefa, magunguna suka yi wuyar samu. Ƙwayarsa ta riƙa zuwa yau, gobe babu, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Kafin damina ta ƙare ya kwanta.

A farkon kaka wani matashin lokotoro mai suna Mutari ya zo daga Yamai a cikin farar mota, da akwatin ƙanƙara a baya. Yana yawon asibitoci ne yana neman masu sankarar jini don wani bincike da yake yi tare da wata jami'a ta ƙasar waje. Mutum ne mai ladabi. Ya cire takalmi kafin ya shiga ɗakin Irmiya, ya zauna a kan tabarma.

"Baba," in ji shi, "jikin mutum yana ƙona abinci ne da iskar da yake shaƙa. Wurin ƙonawar nan akwai abin da ke fita yana cin jiki kaɗan-kaɗan, kamar yadda man gyaɗa ke canza wari in an bar shi a buɗe. Jikin mai lafiya yana da masu tare wannan ɓarna. Muna zaton a jikin masu irin ciwonka ɓarnar ta fi ƙarfin masu tare ta, kuma tana barin alama a cikin jini. Alamar nan muke so mu auna."

Irmiya ya ce, "In kun auna hwa?"

"Sai mu ƙara gane ciwon. Zai taimaka."

Sannan ya ce yana buƙatar jinin wani mai lafiya kuma, wanda shekarunsu suka yi kusa, in da hali ɗan'uwa ciki ɗaya. Nufinsa shi ne ya gwada na mai ciwo da na mai lafiya ya ga bambanci. Ya faɗi haka, amma rabin maganar da Faransanci ta fito. Irmiya ya ce shi ba ya da kowa, ya miƙa hannu aka ɗebi nasa.

Lai'atu tana durƙushe a bakin ƙofa. Abu uku ta riƙe: jini, ɗan'uwa, zai taimaka. Shekara da shekaru tana ganin matan da ake fitowa da su daga ɗakin haihuwa fari fat, a rataya musu ledar jinin wani ɗan'uwa, washegari su tashi zaune su nemi fura. Ba ta tambayi kowa ba. Ta ce wa mijinta za ta je Tamaske ta gaida gwaggonta, ta bar mini yara, ta hau motar Madawa, daga can ta kama ta Buza, daga Buza ta samu amalanken ƴan kasuwa zuwa Allakaye.

Ta iske Alƙasim a gona yana yankan gero. Bai taɓa ganin ta ba. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe shi.

"Ni ce matar Isaka," in ji ta. Ba ta taɓa furta wannan suna ba sai ranar.

Bai daina yanka ba. "Wane Isaka?"

"Ƙanenka, Yaya. Shina kwance. Lokotoro ya ce sai da jinin ɗan'uwa nai na ciki ɗaya."

"Waɗanda yab bi ba su da jini?"

Ya gama kunyar da yake kai, ya ɗaure dami, sannan ya ce ta wuce gida a ba ta ruwa.

A gidan aka yi ta gardama. Mutanen gari sun yarda cewa jinin da aka ɗiba ba ya dawowa, namiji ya rasa ƙarfinsa ke nan, wasu ma suna cewa sayar da shi ake yi. Hindatu matar Alƙasim ta yi kuka ta ce ga hatsi a gona, ga bisashen makiyaya sun fara gangarowa, wa zai ciyar da su in ya dawo babu ƙarfi. Inna Fatsima, wadda idonta ya riga ya dushe, tana zaune tana ji. Da suka gaji ta laluba sandarta ta miƙe.

"Ɗiyata, riƙa mini hannu," ta ce wa Lai'atu. "In shi ba shi zuwa, ni su ɗibi nawa. Ni na ba su shi dut su biyu."

Da safe Alƙasim ya bar rabin gonarsa ba a yanke ba, ya bi Lai'atu. A tashar Madawa ya sayi gasasshiyar hanta ya ci, ya ƙara da nono, don wani ya gaya masa suna ƙara jini. Lai'atu ta ce ya ci ne kamar mai shan magani, yana kallon ƙasa.

Ina nan lokacin da ya shigo. Ya sunkuya a ƙofa, ya tsaya har idonsa ya saba da ɗakin. Dukansu sun yi furfura.

"Isaka."

"Yaya."

"Ƙaƙa jiki?"

"Da sauƙi."

Alƙasim ya dubi cikin ƙanensa da ƙafafunsa da suka zama kara, ya fita ya zauna a gindin bedi, wato dogonyaro. Irmiya ya juyo ga matarsa ya ce, "Wa yac ce ki tai?"

Lokotoro Mutari ya dawo daga wajen Keita a satin. Ya yi murna ƙwarai da ya ji an samu ɗan'uwa. Aka kai Alƙasim labo. Ya cire babbar rigarsa, ya naɗe hannun ƴar ciki, ya rufe ido yana addu'a. Aka soka allura, aka cika wata ƴar kwalba da ba ta fi ƙaramin yatsa ba, aka dafe masa auduga.

"An gama, Malam. Mun gode."

Alƙasim ya buɗe ido. "An gama mi?"

Yana kallo aka manna wa kwalbar lamba, aka saka ta cikin akwatin ƙanƙara.

"Yaushe za a sa mishi?"

Lokotoro Mutari ya dubi Lai'atu, ya dubi Alƙasim, sai fuskarsa ta canza. Ya jawo kujera ya zauna, ya sake bayani, wannan karon da Hausa tsantsa. Ya ce jinin ba na sawa ba ne, na awo ne. Za a kai shi Yamai, daga can jirgi ya ɗauke shi. Ya ce abin da za a gano zai iya amfanar masu ciwon nan gaba, amma ba zai canza komai ga Irmiya ba. Ya ba da haƙuri, ya ce bai san haka aka fahimta ba.

"Masu ciwon gaba," in ji Alƙasim a hankali. "Na baro hatsina ga gona don masu ciwon gaba." Ya sake miƙa hannu. "To, ga ni na zo. Ku ɗibi na gaske ku sa mishi."

Aka kira Lokotoro Bature. Ya ce lalle Irmiya yana da ƙarancin jini, ƙarin jini zai iya ɗan ba shi ƙarfi ko da ba zai daɗe ba. Aka gwada na Alƙasim da na Irmiya. Ba iri ɗaya ba ne, in an sa zai cutar da shi. Ya yi ƙoƙari ya bayyana cewa hakan na faruwa ko tsakanin ƴan uwa ɗaya uba ɗaya. Alƙasim ya mayar da rigarsa ya fita.

Da maraice Irmiya ya sa aka taimaka masa har ofishin Lokotoro Bature, mutumin da ya yi shekaru yana wanke wa riga.

"Lokotoro, ka gaya mini gaskiya. Akwai sauran abin da kuka iya yi mini?"

"Maganin zafi kawai, Irmiya."

"Wanga ko gida ina iya shan shi."

Alƙasim bai roƙe shi ya bi shi Allakaye ba. Abin da ya ce kawai shi ne Inna tana tambaya. Irmiya ya ce a ɗaure kaya. Fasto Matta ya zo ya zauna da shi, ya ce yana tsoron a matsa masa a can yana cikin rauni, gara ya zauna cikin ƴan'uwansa na bangaskiya. Irmiya ya ce, "Fasto, uwata ba ta gani. In ban tai ta taɓa ni yanzu ba, yaushe?" Bayan tafiyarsu aka yi ta magana a unguwa, wasu na cewa ya koma Musulunci ke nan. Da sunansa ya fito a addu'ar Lahadi, a cikin masu rauni aka sa shi, kuma kowa ya san ba raunin jiki ake nufi ba.

Sun iske shanu sun shiga gonar Alƙasim sun cinye mafi yawan abin da bai yanke ba. Ya kafa musu ɗakin zana a bayan rumbu. Labarin cewa jininsu bai haɗu ba ya riga su isa gari, kuma mutane sun riga sun sama masa dalili: wanda ya bar addinin ubansa, har jininsa juyewa yake yi. Mata ba sa cin abin da Lai'atu ta dafa. A rijiya sukan jira ta gama ta tafi kafin su zura guga.

Malamai sun zo sau da yawa suna kiran Irmiya ya yi kalmar shahada tun yana da baki. Yakan gaishe su da ladabi, ya tambayi iyalinsu, sannan ya juya fuska ga zana. Alƙasim sau ɗaya ya yi masa maganar.

"Isaka, in ka mutu haka, ƙaƙa zan yi da kai?"

"Ka gina rami, Yaya. Ka iya."

Inna Fatsima ce ke wuni a gefensa, hannunta a kan goshinsa, tana ba shi labarin waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi aure tun bayan tafiyarsa. Jini ya riƙa zuba ta hanci da baki. Muddin yana iya zama, shi ke wanke tsummokaransa da kansa a cikin ƙwarya, yana faɗa wa Lai'atu cewa da ruwan sanyi ake fara jiƙa jini, ba da na zafi ba.

Ya kai damina. Ya cika da hantsi, ranar da aka kwana ana ruwa. Alƙasim ya tura mai moto, wato babur, ya sanar da mutanen mishan, amma ƙorama ta cika ta yanke hanya, mai moton ya dawo. Liman ya ce ba za a yi masa salla ba, ba kuma za a kai shi maƙabartar gari ba. Bai faɗa da zafi ba, ya ce haka hukuncin yake. Alƙasim ya ɗauki diga ya tafi gefen gonar babansu shi kaɗai. Ƙasa ta jiƙe, ramin yana cika da ruwa yana kwashewa da ƙwarya. Daga baya wasu maƙwabta biyu suka zo suka kama masa ɗauka, ba su tsaya ba. Lai'atu ta fara wata waƙar majami'a, muryarta ta ƙi, ta bari. Alƙasim ya tsaya da hannu a sake, bai san ko ya ɗaga su ba ko kada ya ɗaga.

Fasto Matta da dattawa sun iso bayan ruwa ya janye. Suka yi addu'a a kan tudun ƙasa, suka ɗauko Lai'atu.

Asibiti ya ba ta aikin mijinta. A bakin tano Lokotoro Mutari ya same ta da kaka ta zagayo. Ya zo ne ya sake ɗiban jinin waɗanda ya auna, ya tarar mafi yawansu babu. Ya yi mata gaisuwa, ya ajiye gwangwanin madara da sukari, ya ce sakamako ya fito. Alamar ɓarnar ta yi yawa ƙwarai a jinin Irmiya, masu tare ta kuma sun ragu. Na Alƙasim lafiya lau.

Lai'atu ta matse zanen da ke hannunta.

"Lokotoro, ka zo tun daga Yamai ka gaya mini shina da ciwo?"

Ya sunkuyar da kai.

"Akwai wanda ya warke da abin da kunka gano?"

"Tukuna, Madam. Irin wannan aiki yana ɗaukar shekaru."

"Jinin hwa, ina yake?"

Ya ce abin da ya rage yana can ƙasar waje a cikin firiji. Ta karɓi madarar saboda yara, ta koma kan wankinta. Ya daɗe a tsaye kafin ya tafi. Na ga ya zauna a motarsa bai tayar ba har direban ya yi masa magana.

Alƙasim bai sake zuwa ba, amma kowace kaka yana aiko da damin gero ga ƴaƴan ƙanensa. A Allakaye kuwa labarin ya zauna a yadda mutane suka so shi: an yaudari Alƙasim, an ɗebi jininsa an kai wa Turawa, ƙanensa kuma ya mutu. A ranin 1998, Alƙasim yana can ci-rani a Najeriya, ƴarsa Balki ta haihu jini ya ɓalle mata. Aka sa ta a amalanke aka kai ta likitar Buza, asibitin garin. Majo, ma'aikacin jinyar da ke wurin, ya ce a ba da jini yanzu-yanzu. Mazan da suka rako ta, har da mijinta, suka dubi juna suka ce su sun ga abin da aka yi wa Alƙasim. Kafin a shawo kan ɗaya daga cikinsu ta rasu. Jaririn ya rayu.

Lai'atu ta je gaisuwa. Ta ce Hindatu ta karɓe ta, ta ba ta tabarma, amma har ta taso ba ta dube ta a ido ba.